SHARHI: Tsofaffin Sassa Masu Haɗari a Manhajojin Buɗaɗɗen Tushe, a Cire ko a Bari?

A ranar 9 ga watan Disamba na shekarar 2021 ne labari ya bazu cewa an gano wata mummunar ɓaraka a cikin Log4j, wata 'yar ƙaramar manhaja wadda galibin 'yan kasuwa ba su taɓa jin sunanta ba, alhali kuwa tana nan kwance a cikin na'urorin bankuna da kamfanonin sadarwa da ma'aikatun gwamnati a faɗin duniya. Kafin watan ya ƙare, hukumar tara haraji ta Kanada ta dakatar da ayyukanta na intanet na wani ɗan lokaci, lardin Kebek ya sauke shafukan gwamnati kusan 4,000 domin a bincika su, sa'an nan ma'aikatar tsaron Beljiyam ta tabbatar da cewa an kutsa mata ta wannan kafa. A ma'aunin da masana ke auna girman irin wannan haɗari, wanda ya tsaya a maki 10, an bai wa ɓarakar maki 10 cif.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a cikin lamarin shi ne, ba tuntuɓen alƙalami ba ne kawai ya haifar da ita. Wani sashe ne na manhajar da aka saka da gangan tun 2013, kuma yana yin aikin da aka tsara masa.

Aikin Log4j kamar na akawu ne mai riƙe da littafin rajista: duk abin da ya gudana a cikin babbar manhaja, wane ne ya shiga, me ya nema, ƙarfe nawa, sai ta rubuta ta ajiye. To, sashen da ake magana a kai ya ba ta ikon cewa idan ta ci karo da wata alama ta musamman a cikin abin da take rubutawa, sai ta tafi wata kwamfuta ta ɗauko abin da alamar ta nuna. A nan ne gizo ke saƙa. Mai kutse ba ya bukatar makulli ko kalmar sirri. Abin da zai yi kawai shi ne ya rubuta alamar a gurbin suna ko a akwatin bincike, akawun nan kuwa ya tashi da ƙafarsa ya je gidan ɓarawo ya karɓo ƙunshi, ya kawo shi cikin ma'aji ya kwance. Da farko ma a wasan yara na Minecraft aka nuna yadda abin ke aiki, ta hanyar aika saƙo guda a dandalin hira.

Ba a rasa gargaɗi ba. A 2016 wasu masu bincike biyu sun bayyana haɗarin irin wannan ɗauko-ɗauko a taron Black Hat da ake yi a birnin Las Vegas na Amurka. Daga 2017 kuma Log4j na da wani makunni da ake iya kashe sashen da shi, sai dai an bar shi a kunne, wanda duk bai san da zamansa ba kuwa ba zai taɓa shi ba. Bayan da asiri ya tonu, ɗaya daga cikin masu kula da manhajar, Volkan Yazıcı, ya fito ya koka cewa suna aiki ba dare ba rana, ba tare da ana biyansu ko sisi ba, kuma ana ta zaginsu a kan wani sashe da su kansu ba sa ƙaunarsa, amma suka bar shi don kada su lalata wa masu amfani da shi aiki. A ranar 13 ga Disamba aka fitar da bugu na 2.16.0, wanda ya tumɓuke wannan dabi'a ta bin alama a cikin saƙo gaba ɗaya. Watau abin da aka ji tsoron yi cikin shekara takwas, an yi shi cikin kwana huɗu.

Wannan ne ya sake tayar da tsohuwar muhawara a tsakanin masu tsara manhajojin buɗaɗɗen tushe, watau waɗanda rubutun umarninsu ke a fili, kowa na iya karantawa ya yi amfani da shi kyauta. Shin idan wani sashe ya daɗe, jama'a sun saba da shi, amma an tabbatar yana da saurin jefa mutane a rami, ya kamata a cire shi, ko kuwa a bar shi a ce kowa ya yi hattara?

Muhawarar ba ta masana kimiyya kaɗai ba ce. Ɗan kasuwar da ke karɓar kuɗi ta na'urar POS, ko yake da shafin sayar da kaya, ko kuma ya ɗauki kamfani ya rubuta masa manhajar lissafin albashi, yana tsaye ne a kan waɗannan tubala ko ya sani ko bai sani ba. Duk hukuncin da aka yanke, cirewa ko bari, akwai lissafin kuɗi da zai biyo baya, kuma a teburinsa zai sauka.

Tarihi ya riga ya ba da misalai masu yawa. A harshen tsara manhaja na C akwai wani umarni mai suna gets, wanda ke karɓar rubutu daga waje ya zuba a ma'ajiya ba tare da ya auna ko wurin zai ɗauka ba, tamkar mai zuba hatsi a buhu ido rufe. A ranar 2 ga Nuwamba 1988, wata manhaja mai yaɗa kanta da Robert Tappan Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell, ya saki ta yi amfani da wannan rauni, tare da wasu, ta durƙusar da kwamfutoci da aka ƙiyasta sun kai 6,000, a zamanin da duka intanet ɗin bai wuce kwamfuta 60,000 ba. Tun daga ranar kowa ya san babu wata hanyar amfani da gets cikin aminci. Duk da haka sai a 2011 aka cire shi daga ƙa'idar harshen. Shekara 23 ke nan ana rubuta gargaɗi a littattafai, ɗalibai kuma suna kwafar tsofaffin misalai suna ci gaba da amfani da shi.

Labarin PHP ya fi kusa da 'yan kasuwa, domin da shi aka gina WordPress, wadda ke ɗauke da sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet. A farkon zamaninsa, PHP na da wani tsari mai suna register_globals wanda ke ɗaukar duk abin da baƙo ya aiko ya mai da shi kamar bayanin cikin gida. Sauƙi ne babba ga mai koyo, haka kuma sauƙi ne ga mai kutse, wanda zai iya aiko da kalma guda ya mai da kansa mai gida. A 2002 aka mai da shi a kashe tun daga fitowa, amma kamfanoni da yawa masu ba da hayar wurin ajiye shafuka suka riƙa sake kunna shi, saboda abokan cinikinsu na kuka cewa shafukansu sun daina aiki. A 2009 aka sanar da cewa kwanansa ya kusa ƙarewa, a 2012 kuma bugu na 5.4 ya fito babu shi. An yi ƙorafi, an kashe kuɗi wajen gyara tsofaffin shafuka, wasu ma sun mutu ba a farfaɗo da su ba. Amma a yau da wuya a sami masani guda da zai ce a dawo da shi. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, kuma abin da ya riƙe register_globals shekara goma ke nan, ba wani amfani da babu makwafinsa ba.

Sai dai masu cewa a bari ba su rasa hujja ba, kuma bai kamata a yi musu riƙon sakainar kashi ba. Hujjarsu ta farko ita ce amana. Kamfanin da ya zaɓi wata manhaja ya gina harkarsa a kanta, ya yi hakan ne bisa zaton cewa abin da ke aiki yau zai yi aiki gobe. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux a 1991, ya shahara da tsananin da yake yi wa duk wanda ya kawo canjin da zai karya manhajojin masu amfani, kuma wannan tsayuwa na daga cikin dalilan da suka sa manyan kamfanoni suka amince suka ɗora dukiyarsu a kan Linux. Mai gidan haya da ke toshe ƙofa duk lokacin da ya ga dama, ko da don tsaro ne, ba zai daɗe da 'yan haya ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma ita ce ta fi dacewa a tsaya a kanta. Idan aka cire wani sashe a sabon bugu, ba kowa ne zai bi ba. Wanda aikinsa ya dogara da sashen, kuma ba shi da kuɗin gyara ko ma'aikacin da zai gyara, sai ya ƙi sabuntawa ya zauna a kan tsohon bugu. Daga nan kuwa ba wannan rauni ɗaya kaɗai ke tare da shi ba, har da duk sauran da za a gano nan gaba, domin faci ba ya isa wurinsa. Ke nan cirewar da aka yi don tsaro na iya barin mutum cikin haɗarin da ya fi na da. Harshen Python ya ɗanɗana wannan. An fitar da Python 3 a Disamba 2008 da sauye-sauyen da suka sa tsofaffin manhajoji ba sa gudana a kansa sai an sake musu rubutu. Kamfanoni suka noƙe. An tsara daina kula da Python 2 a 2015, dole aka ɗaga zuwa 1 ga Janairu 2020, kuma har bayan wannan rana akwai ma'aikatun da suka ci gaba da tafiya a kansa. Shekara goma sha ɗaya ana tafiyar da harshe biyu masu suna ɗaya.

Hujja ta uku ita ce wadda aka fi ji a bakin ƙwararru: wuƙa ma tana yanka, amma ba a hana sayar da ita, laifin na wanda bai iya riƙo ba ne. Wannan magana tana da daɗin ji, amma ita ce mafi rauni a cikin ukun. Wanda ya yanke da wuƙarsa, shi ne ya ɗauke ta, ya san yana riƙe da ita, kuma yatsansa ne ya zubar da jini. A lamarin Log4j kuwa, dubban kamfanoni ba su ma san suna ɗauke da ita ba, domin ta shigo ne a cikin wata manhaja da ke cikin wata manhajar da suka saya. Waɗanda suka ji ciwo kuma abokan ciniki ne da aka kwashe bayanansu, mutanen da ba su zaɓi komai ba. Ba a cewa mutum ya yi hattara da abin da bai san yana aljihunsa ba.

Idan aka duba da kyau, misalin Python ma bai rushe hujjar masu cewa a cire ba. Yawancin sauye-sauyen Python 3 an yi su ne don gyara tsarin harshen, musamman yadda yake sarrafa rubutun harsunan duniya, kuma sun shafi kusan kowace manhaja a lokaci guda. Wannan ya bambanta da cire sashe ɗaya mai haɗari wanda 'yan tsiraru ne ke bukatarsa. Masu kula da Python su ma sun ɗauki darasi: da suka tashi sauke wasu tsofaffin sassa 19 da babu mai kula da su, sun sanar tun bugu na 3.11 a 2022, suka cire su a bugu na 3.13 a Oktoba 2024, kuma ba a ji irin hayaniyar da aka ji a da ba.

Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce, wane irin sashe ne, kuma ta wace hanya za a cire shi. Akwai sashen da ke da haɗari idan aka yi ganganci da shi, amma yana da aikin da babu mai yi sai shi; irin wannan gyara yake bukata. Haka aka yi da Bash a Satumba 2014, lokacin da aka gano ɓarakar Shellshock wadda ta kwana a cikinsa tun 1989. Ba a kashe sashen da ta fito daga gare shi ba, an toshe kafar, an kuma killace shi ta yadda saƙon baƙo ba zai iya shigar burtu ya zama umarni ba. Akwai kuma sashen da ƙwararre ma ba zai iya riƙe shi cikin aminci ba, irin su gets, ko wanda mutum ɗaya cikin ɗari ke bukata amma yake a kunne a gidan ɗarin duka, irin na Log4j. Wannan kam barinsa ba tausayi ba ne ga masu amfani, jinkirta musu asara ne kawai, kuma asarar tana ƙaruwa da jinkirin.

Game da hanya kuwa, masu kula da OpenSSH, manhajar da ma'aikata ke shiga manyan kwamfutoci daga nesa da ita, sun nuna yadda ake yi. Akwai wani tsohon nau'in makulli mai suna DSA da aka daɗe da sanin ya yi rauni. A 2015 suka kashe shi tun daga fitowa, amma suka bar wa mai bukata damar kunnawa. A farkon 2024 suka fitar da jadawalin rabuwa da shi, a tsakiyar shekarar suka daina haɗa shi cikin manhajar sai wanda ya nema da kansa, sa'an nan a Afrilu 2025 bugu na 10.0 ya fito babu shi. Shekara goma cur. Babu wanda zai ce an yi masa ba-zata, babu kuma wanda aka bari a buɗe cikin waɗannan shekaru ba da saninsa ba, domin matakin da ya fi muhimmanci, watau kashewa tun daga fitowa, shi aka fara ɗauka. Da Log4j ta bi wannan hanya tun 2017, da wanda ya kunna sashen da hannunsa ne kaɗai zai kwana da fargaba a Disamba 2021.

Masana'antar katin kuɗi ma ta yi irin wannan, kuma da ƙarfin ƙa'ida. Majalisar da ke tsara ƙa'idar PCI DSS, wadda ta hau kan duk mai sarrafa bayanan kati a ko'ina a duniya har da Nijeriya, ta sa ranar 30 ga Yuni 2018 a matsayin wa'adin daina amfani da tsofaffin hanyoyin ɓoye saƙo na SSL da TLS na farko. An yi kuka cewa tsofaffin na'urori za su daina aiki, har aka ɗaga wa'adin daga 2016, amma ba a janye shi ba, kuma kasuwa ta bi.

Wani ɓangare na matsalar da ba a cika faɗa ba shi ne batun wanda zai ɗauki nauyi. Masu kula da waɗannan manhajoji sau da yawa 'yan sa kai ne ƙalilan, kuma su ne ke shan zagi idan suka cire, su sha wanda ya fi shi idan suka bari. Lokacin da ɓarakar Heartbleed ta fito a Afrilu 2014, sai duniya ta ji cewa OpenSSL, wadda ke tsare hada-hadar biliyoyin daloli, gudummawar da take samu a shekara ba ta wuce kimanin dala 2,000 ba. Tsara jadawalin cirewa, da rubuta jagorar sauyawa, da amsa koke-koken masu amfani, duk aiki ne mai cin lokaci, wanda ba shi da albashi kuwa hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya bar abu yadda ya same shi. Kamfanonin da ke cin riba da wannan aiki suna kuma neman kada a taɓa musu komai, an bar jaki ne ana dukan taiki idan suka ɗora laifi a kan 'yan sa kai. Wanda yake son a ci gaba da riƙe masa tsohon sashe, ya dace ya biya kuɗin riƙon, ko ya ɗauke shi ya ajiye a matsayin ƙari na dabam da zai saka wa kansa. Tunda tushen a buɗe yake, babu mai hana shi.

Dokoki ma sun fara karkata zuwa wannan fahimta. A Janairu 2022 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta gargaɗi kamfanoni cewa za ta hukunta duk wanda ya yi sakaci da gyaran Log4j, tana tuna musu da Equifax, kamfanin da ya ƙi saka facin wata manhajar buɗaɗɗen tushe a 2017, aka kwashe bayanan mutum miliyan 147, ya kuma amince da biyan har dala miliyan 700. Dokar Tarayyar Turai kan tsaron kayayyakin fasaha, wadda ta fara aiki a Disamba 2024 kuma manyan sharuɗɗanta za su hau kan kamfanoni a Disamba 2027, ta ɗora babban nauyin a kan mai sayar da kaya, ba a kan ɗan sa kan da ya rubuta tubalin ba. A Nijeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta tanadi tarar da za ta iya kai Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ga manyan masu riƙe da bayanan jama'a. Babu inda dokar ta ce kamfani zai kuɓuta idan ya nuna cewa kafar da aka bi tsohuwa ce kuma kyauta ya same ta.

Ga ɗan kasuwa, ma'anar wannan ita ce kuɗin sabunta manhaja ya zama wajibi a cikin kasafin kowace shekara, kamar kuɗin gyaran janareta ko na inshora. Kwangilar da aka ƙulla da mai rubuta manhaja wadda ta ƙare ranar da ya miƙa aiki, ba tare da sharaɗin kulawa ba, rabin kwangila ce. Ya dace mai saye ya nemi jerin duk manhajojin da aka haɗa a cikin abin da aka sayar masa, da lambar bugun kowacce, ya kuma tambaya ko akwai wadda masu ita suka daina kula da ita. Kamfanonin da ke da irin wannan jeri a Disamba 2021 sun san inda za su duba nan take; waɗanda ba su da shi sun shafe makonni suna lalube. Kwamitin nazarin tsaron intanet na gwamnatin Amurka, a rahotonsa na Yuli 2022, ya yi hasashen cewa za a ci gaba da cin karo da tsofaffin bugun Log4j a cikin na'urori har tsawon shekara goma ko fiye.